FLORENCE NIGHTINGALE: NAS MAI FITILA DA ALƘALUMA

Da wuya a sami ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na sakandare bai taɓa jin sunan Florence Nightingale ba. A littattafan karatu akan zana ta riƙe da fitila, tana bin gadajen sojoji marasa lafiya da tsakar dare. Hoton gaskiya ne, sai dai aikin da yake nunawa bai cika shekara 2 ba, alhali kuwa matar ta yi shekara 90 a duniya. Sauran shekarun, yawancinsu a ɗaki ta yi su, tana kwance ko tana kishingiɗe, takardu sun kewaye ta, tana tarawa tana rabawa tana zana jadawali. Rayukan da ta ceta da wannan lissafi sun fi waɗanda ta ceta da hannunta nesa ba kusa ba.

Ɗalibai da yawa sukan tambaya, idan mutum ya tafi jami'a ya karanta lissafi da ƙididdiga, wane aiki zai yi da su ban da koyarwa. Tarihin wannan mata ya isa amsa. Ita ba ta sami shiga jami'a ba, domin a zamanin ƙuruciyarta ba a ɗaukar mata. Duk da haka tana cikin mutanen farko da suka nace lallai a mai da ƙididdiga darasin jami'a.

Haihuwarta da Ƙuruciyarta

An haife ta ran 12 ga watan Mayu 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta, Turawan Ingila, suke doguwar tafiya a ƙasashen Turai. Sunan garin aka raɗa mata. Mahaifinta, William Nightingale, mai dukiya ne ƙwarai, yana da manyan gidaje biyu a ƙauyukan Ingila, ɗaya ana kiransa Lea Hurst, ɗaya kuma Embley. Ya yi karatu a Jami'ar Cambridge, kuma da yake Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya zauna da kansa ya koyar da 'ya'yansa mata biyu, Florence da yayarta Parthenope. Ya koya musu Latin da Girkanci da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da tarihi.

Tun tana ƙarama Florence mai son tsara abubuwa ce. Takan rubuta abin da ta gani, ta jera shi daki-daki. A cikin tafiye-tafiyen da suke yi takan rubuta nisan hanya da lokacin tashi da na sauka. A shekarar 1837, tana da shekara 16, ta rubuta cewa ta ji Allah yana kiranta ga hidimarsa, ko da yake a lokacin ba ta san wace irin hidima ba ce.

A wajen 1840 ta roƙi iyayenta su bar ta ta koyi lissafi sosai. Mahaifiyarta ta ƙi, domin a ganinta abin da ya kamaci 'yar manyan mutane shi ne ɗinki da kiɗa da karɓar baƙi, sa'an nan ta yi aure. Wata gwaggonta mai suna Mai Smith ita ce ta tsaya mata. Su biyu sukan tashi da asuba su yi lissafi kafin mutanen gida su farka, har daga baya aka yarda aka samo mata mai koyarwa. Ta haka ta ƙware a ƙidaya da aljabara da lissafin siffofi.

Hanyar Zuwa Asibiti

A 1845 ta gaya wa iyayenta tana so ta koyi aikin jinya a asibitin garin Salisbury. Gida ya rikice. A wancan zamani asibitocin Ingila wuraren ƙazanta ne da wari, talakawa kaɗai ke zuwa, kuma ana ɗaukar masu jinya a matsayin jahilai mashaya. Aka hana ta.

Da aka rufe mata wannan ƙofa sai ta koma ga takardu. Ta riƙa samo rahotannin gwamnati a kan asibitoci da lafiyar jama'a, daga Ingila da Faransa da Jamus, tana karantawa a ɓoye, tana kwafe alƙaluman a littattafanta tana gwada na wannan gari da na wancan. Shekara da shekaru tana wannan, har ta zama ba kowane likita ne ya kai ta sanin halin asibitocin Turai ba. Wani sanannen mutum, Richard Monckton Milnes, ya daɗe yana neman aurenta, ita ma tana sonsa, amma a 1849 ta ba shi haƙuri, don ta ga aure zai raba ta da aikin da ta sa a gaba.

A 1851 ta sami wata 3 a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus, inda Fasto Theodor Fliedner yake horar da mata masu hidimar ikilisiya a kan kula da marasa lafiya. A 1853 mahaifinta ya yanka mata fam 500 a shekara, ta sami 'yancin kanta, ta karɓi shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley da ke Landan.

Yaƙin Kirimiya

A watan Maris 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi suna taimakon Turkiyya a kan Rasha. An yi yawancin faɗan a Kirimiya, wani yanki da ya kutsa cikin Baƙin Teku. Sojojin Ingila da suka ji rauni ko suka kamu da ciwo, akan loda su a jirgin ruwa a haye da su teku zuwa Scutari, wata unguwa da ke tsallaken ruwa daga Istanbul, inda aka mai da wani ƙaton barikin sojan Turkiyya asibiti. Jaridar Times ta Landan ta bayyana irin wahalar da suke sha a can, jama'a suka fusata. Sidney Herbert, ministan da ke riƙe da harkar kuɗi da tanadin soja, wanda ya san Florence tun haɗuwarsu a birnin Rum, ya roƙe ta ta tafi. Ta tashi a watan Oktoba da mata 38, suka isa a farkon Nuwamba 1854.

Abin da suka tarar ya wuce misali. An gina barikin a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, iska na busowa da warin zuwa cikin ɗakuna. Ga ɓeraye, ga ƙwarƙwata, ga cunkoso, jerin gadaje ya kai kimanin mil 4. Babu isassun riguna da barguna da sabulu da kwanonin cin abinci. Da farko likitocin soja ba su yi maraba da matan ba, sai da marasa lafiya suka yi musu yawa sa'an nan suka nemi taimako. Florence ta sayi burushin wanke daɓe, ta buɗe wurin wanki, ta gyara kicin, ta sayo tufafi da kuɗin gudummawar jama'a. Da dare kuma takan zagaya da fitila, daga nan sunan ya samo asali.

Wani abin da ya dame ta shi ne ba wanda ya san ainihin yawan waɗanda ke mutuwa. Akwai rajista iri 3 ta matattu, kowace da lissafinta dabam. Ta sa aka fara rubuta masu shigowa da masu fita da masu mutuwa a kan tsari ɗaya.

To, duk da wanki da abinci da kulawa, mutuwa ba ta ragu ba, sai ma ƙaruwa. A wannan hunturu na farko sojoji fiye da 4,000 suka mutu a Scutari. A watan Fabrairu 1855, cikin kowane mutum 100 da aka yi jinya, kimanin 42 sun mutu. A watan Maris gwamnati ta aiko da kwamitin tsafta, cikinsu har da Likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka yashe magudanai, suka huda tagogi don iska ta shiga, suka shafe bango da farar ƙasa, suka kwashe tulin shara da mushe, har da mataccen doki da aka samu a hanyar ruwan da asibitin ke sha. Kafin ƙarshen watan Yuni mutuwa ta sauko zuwa kimanin 2 cikin 100. Wucewar sanyi da raguwar cunkoso da samun isasshen abinci a fagen daga su ma sun taimaka.

A watan Mayu na shekarar ta haye zuwa Kirimiya, a can wani mugun zazzaɓi ya kama ta har aka fid da rai. Masana na yanzu suna kyautata zaton cutar nan ce da ake ɗauka daga ɗanyen nonon dabbobi. Ta tashi, amma ciwon bai rabu da ita ba.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Ta komo gida a watan Agusta 1856. Ƙasa duka tana yabonta, ana waƙarta, ana sayar da hotonta, ita kuwa ta ɓuya, domin tambaya ɗaya ce ke cin ranta: me ya kashe mutanen nan? A watan Satumba ta gana da Sarauniya Biktoriya a Balmoral, ta nemi a kafa hukumar bincike a kan lafiyar soja. An kafa ta a 1857, Sidney Herbert ne shugaba. Mace ba ta zama a irin wannan hukuma a lokacin, saboda haka daga ɗakinta ta riƙa shirya musu tambayoyi da hujjoji.

A nan ne ta haɗu da Likita William Farr, wanda ke kula da ƙididdiga a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na Ingila. Ita tana da alƙaluman soja, shi yana da na farar hula da kuma dabarun aiki da su. Wata da watanni suna aika wa juna jadawali suna gyarawa.

Bari mu ɗauki wata guda mu gani. A Janairu 1855 yawan rundunar Ingila a fagen yaƙin ya kai mutum 32,393. A wannan wata 83 suka mutu saboda rauni, 324 saboda wasu dalilai, 2,761 kuma saboda cututtuka masu yaɗuwa, irin su kwalara da atuni da taifot. Wato duk soja 1 da rauni ya kashe, cuta ta kashe 33. Ɗalibi na iya ɗaukar biro ya ƙarasa lissafin da kansa. A ninka 2,761 sau 12, a raba da 32,393, za a sami ɗan abin da ya haura 1, wato 1,023 cikin 1,000 a shekara. Ma'anarsa ita ce, da an ci gaba da mutuwa haka har shekara guda ba a kawo sababbin sojoji ba, da cuta kaɗai ta share rundunar ƙaƙaf, ba tare da Rasha ta harba harsashi ko ɗaya ba.

Lissafin bai bar ita kanta ba. Ya nuna cewa a wancan hunturu asibitin da take aiki ya fi asibitocin da ke kusa da fagen daga yawan mutuwa. A da tana ɗora laifin a kan rashin abinci da tufafi da gajiyar da sojoji ke isowa da ita. Yanzu ta ga ginin kansa, da iskarsa da ruwansa, suna cikin manyan makasa. Wannan magana mai ɗaci ce ga wadda duniya ke kira mai ceton sojoji, amma ta karɓe ta, ta mai da tsaftar muhalli aikin sauran rayuwarta.

Sa'an nan ita da Farr suka yi wani gwaji da ya fi tayar da hankali. Suka gwada mutuwar sojojin da ke zaune a barikokin Ingila lokacin zaman lafiya da ta maza farar hula tsararrakinsu. Soja dai sai likita ya duba shi ya tabbatar da ƙarfinsa kafin a ɗauke shi, don haka kamata ya yi sojoji su fi kowa lafiya. Sai ga shi suna mutuwa kusan ninki biyu na farar hula. Babu yaƙi, babu sanyin Kirimiya, bariki ne kawai. Wannan ya rufe bakin masu cewa mutuwar Scutari ƙaddarar yaƙi ce.

Gani Ya Kori Ji

A 1858 ta buga rahoto mai shafi fiye da 800 da kuɗin aljihunta. Amma ta san manyan gwamnati da 'yan majalisa ba za su zauna su karanta jadawali ba, don haka ta nemi hanyar da alƙaluma za su shiga ta ido. Ta zana da'ira ta raba ta gida 12, kamar yadda ake yanka lemo, kowane yanki wata guda. Girman filin kowane yanki ya dace da yawan mutuwar watan. Ta shafa shuɗi ga mutuwar cututtukan da za a iya hanawa, ja ga ta rauni, baƙi ga sauran. Da'ira ɗaya ta ɗauki Afrilu 1854 zuwa Maris 1855, ta biyu ta ɗauki shekarar da ta biyo. Ko wanda bai iya karatu ba, da ya duba zai ga shuɗi ya mamaye takarda, ja ɗan ƙanƙane ne a tsakiya, zai kuma ga yadda da'ira ta biyu ta tsuke bayan zuwan kwamitin tsafta.

Akwai darasin aji a cikin wannan zane. A zanenta na farko tsawon yanki daga tsakiya ne ya dace da yawan mutuwa. Amma duk wanda ya koyi lissafin da'ira ya san idan aka ninka tsawon nan sau 2, fili yakan ninku sau 4, sai ido ya ga abin ya fi yadda yake. Ta gane haka, ta sake zanen ta yadda fili ne zai riƙa nuna adadin, ko da yake zanen farko ya fi goyon bayan maganarta.

Ta aika da zanen ga Sarauniya da ministoci da 'yan majalisa da jaridu. Aka gyara barikoki, aka kafa sashen ƙididdiga a hukumar lafiyar soja, aka buɗe makarantar likitocin soja a Chatham a 1860. Cikin 'yan shekaru mutuwar sojoji a gida ta ragu da kusan rabi. A 1858 kuma Ƙungiyar Masana Ƙididdiga ta Landan ta zaɓe ta mamba, ita ce mace ta farko. Takwararta ta Amurka ta ba ta mambancin girmamawa a 1874.

Aiki Daga Kan Gado

Daga 1857 ciwo ya kwantar da ita, ta yi fiye da shekara 20 da ƙyar take fita daga ɗaki. Ministoci da likitoci da gwamnoni su ke zuwa wurinta ɗaya bayan ɗaya. A 1860 aka buɗe makarantar horar da nas-nas a asibitin St Thomas na Landan da kuɗin da jama'a suka tara don girmama ta. A shekarar ce kuma aka yi babban taron masana ƙididdiga na ƙasashen duniya a Landan, ta aika musu da fom ɗin da ta tsara domin dukan asibitoci su riƙa rubuta cututtuka da mace-mace iri ɗaya, yadda za a iya gwada wannan da wancan. Ta nemi a sa tambaya a kan rashin lafiya da halin gidaje a ƙidayar jama'a ta 1861, gwamnati ta ƙi.

Ba ta taɓa taka ƙasar Indiya ba, amma ta aika da takardun tambaya zuwa sansanonin soja da ke can, a kan ruwan sha da magudanai da abinci da cunkoso. Rahoton 1863 ya nuna sojojin Ingila a Indiya suna mutuwa 69 cikin 1,000 a kowace shekara. Bayan shekara 10 na gyara, adadin ya sauko zuwa 18. Daga nan ta juya ga ƙauyukan Indiyawa kansu, ga rijiyoyinsu da yunwa da bashin da ke kan manoma.

A 1863 har ila yau ta buga binciken makarantu 143 na 'yan ƙasa a yankunan mulkin Ingila, har da na gaɓar Afirka ta Yamma. Ta gano yaran waɗannan makarantu suna mutuwa kusan ninki biyu na tsararrakinsu a Ingila, galibi da cututtukan da za a iya hanawa. Ta kuma koka da cewa rajistar da aka aiko mata cike take da giɓi. A 1871 ta fitar da bincike a kan mutuwar masu haihuwa, bayan zazzaɓin jego ya sa an rufe ɗakin koyar da ungozomomi da ita kanta ta kafa. Lissafi ya nuna, a halin asibitocin wancan lokaci, haihuwa a gida ta fi haihuwa a babban asibiti mai cunkoso aminci.

Inda Ta Yi Kuskure

Ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa kuskure ga mai aiki. A bugu na 3 na littafinta a kan asibitoci, na 1863, ta sa wani jadawali na Farr wanda ya nuna mutuwa a manyan asibitocin Landan 24 ta kai kimanin 90 cikin 100. An sami wannan adadi ne ta raba mutuwar shekara guda da yawan marasa lafiyar da ke kwance a rana ɗaya. Gado ɗaya kuwa mutane da yawa ke kwanciya a kansa cikin shekara. A ce asibiti mai gado 100 ya karɓi mutum 1,000 a shekara, 90 suka mutu. Idan aka raba da gadaje, 90 cikin 100 ke nan. Idan aka raba da waɗanda aka karɓa, 9 ne kacal. Likitoci sun soki jadawalin a jaridunsu, kuma suna da hujja. Mai koyon ƙididdiga ya riƙe wannan: kafin ka gaskata kowane kashi cikin ɗari, tambayi da me aka raba.

Haka kuma ta daɗe tana ganin gurɓatacciyar iska ce ke haddasa cuta, kamar yadda yawancin likitocin zamaninta suka ɗauka. Sai a shekarun 1880 ta amince da bayanin ƙwayoyin cuta. Abin lura shi ne, ko da dalilin da ta bayar bai cika daidai ba, alƙalumanta sun kai ta ga maganin da ya dace, wato ruwa mai tsabta da magudanai da iska da rage cunkoso.

Burin da Ba Ta Ga Cikarsa Ba

Malamin da ta fi girmamawa a wannan fanni shi ne Adolphe Quetelet, masanin taurari da lissafi na ƙasar Beljiyam, wanda ya nuna cewa haihuwa da aure da mutuwa da aikata laifi suna bin wani tsari idan aka ƙidaya jama'a masu yawa. Ta karanta littafinsa ta cika gefen shafuffuka da rubutu. A wurinta wannan tsari dokokin Allah ne a cikin halittarsa, kuma wanda ya gano abin da ke kashe yara a unguwa ya gano abin da ake bukata ya gyara. Shi ya sa ba ta raba ƙididdiga da ibada ba.

Abin da ke ba ta takaici shi ne, ofisoshin gwamnati cike suke da alƙaluma, amma ministoci da manyan ma'aikata, waɗanda yawancinsu sun yi jami'a, ba a koya musu yadda za su yi aiki da su ba, sai su yi ta kafa doka da ka. Saboda haka ita da abokinta Benjamin Jowett, shugaban kwalejin Balliol, suka shirya kowannensu zai ba da fam 2,000 a kafa kujerar farfesan ƙididdigar aiki a Jami'ar Oxford, inda masu mulkin gobe ke karatu. A watan Fabrairu 1891 ta rubuta wa masani Francis Galton, ta jera irin tambayoyin da take so a koya wa ɗalibai amsawa. Bayan shekara 20 da kafa dokar ilimin firamare ta 1870, yara nawa ne ke manta abin da suka koya bayan sun bar makaranta? Ɗauri a kurkuku yana hana laifi ko yana ƙara shi? Gidajen da ake tara matalauta suna fid da su daga talauci ko suna dawwamar da su a ciki?

Galton bai ga alamar abin zai yiwu a Oxford ba, tun da ba a jarrabawa a kan darasin, ya kawo wasu shawarwari dabam. Ita kuma ta ji tsoron kuɗin zai ƙare a kyautar gasar rubutu, daga baya ta soke wannan sashe na wasiyyarta. Jowett ya rasu a 1893, maganar ta mutu.

A ƙarshen rayuwarta idanunta suka dushe. A 1907 aka ba ta babbar lambar girma ta cancanta ta ƙasar Ingila, ita ce mace ta farko da ta samu. Ta rasu a Landan ran 13 ga watan Agusta 1910. An so a binne ta a Westminster tare da manyan ƙasa, amma danginta suka bi nufinta, aka kai ta maƙabartar wata ƙaramar majami'a a East Wellow, kusa da gidansu na Embley.

Shekara guda bayan rasuwarta, a 1911, Karl Pearson ya kafa sashen ƙididdigar aiki a Kwalejin Jami'a ta Landan, wanda shi ne sashen ƙididdiga na farko a wata jami'a a duniya. Oxford kuwa ta kafa nata sashen ƙididdiga a 1988, kusan shekara 100 bayan wasiƙar Florence.

Ga Masu Shirin Fita

Abin da aka hana Florence Nightingale, kuma ta nema wa wasu ba ta samu ba, yau yana cikin jerin darussan da kowane ɗalibi, namiji ko mace, zai iya cikawa a fom ɗin shiga jami'a. Mai karanta digirin lissafin aiki da ƙididdiga yakan fara da aljabara da kalkulas, ya koyi lissafin yiwuwar aukuwar abu, da yadda ake ɗibar samfuri kaɗan a san halin jama'a mai yawa, da yadda ake tsara gwaji, da sarrafa alƙaluma da kwamfuta. Ana bukatarsa a asibiti da ma'aikatar gona da banki da kamfanin inshora da hukumar ƙidaya. Karatun ba shi da sauƙi, yana son haƙuri da yawan gwaji, kuma wanda ya guje wa lissafi tun daga aji ɗaya zai sha wuya.

Tambayoyin da ta yi ba su tsufa ba. Har yanzu ana bukatar wanda zai ƙidaya mata nawa ke rasuwa wurin haihuwa, da wace rijiya ce ke jawo amai da gudawa, da yara nawa ke barin makaranta ba su iya karatu ba, ya rubuta daidai, ya raba da abin da ya kamata, ya faɗi sakamakon ko da bai yi masa daɗi ba. Ran 12 ga Mayu, ranar haihuwarta, ita ce ranar nas-nas ta duniya. Idan ta zagayo, 'yan ajin lissafi ma suna da rabo a cikinta. Allah ya ba ɗalibanmu basira da naci irin nata, amin.